Yarana sun maƙale a bulon foreba, ya ake koya musu tsayar da lup?

Malama_Rabi_Nima

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu koyar da yara kwamfuta, ko iyayen da suka taɓa zama da yaro a kan Scratch, manhajar nan ta koya wa yara kodin da ake jera bulon umarni kyanwa tana bi, ku zo ku agaza mini dan kaina ya ɗau zafi tun Asabar ɗin da ta wuce.

Ina da ɗan aji da nake yi duk Asabar a nan Nima cikin Ankara (Accra), a barandar gidan kawuna, in yara sun taso daga makaranta sun ci abinci mu fara ƙarfe biyu mu tashi da kiran la'asar. Yara goma sha ɗaya ne, autarsu shekara shida babbansu goma, laptop huɗu gare mu ɗaya ma batir ya mutu, ana ɗauke wuta take bin ta. Scratch ɗin da ake saukewa a kwamfuta muke amfani da shi wanda ba ruwansa da intanet, saboda in na ce data zan riƙa saya wa laptop huɗu to ajin ba zai kai wata biyu ba.

Sati biyar na farko komai lafiya lau, kyanwa ta yi tafiya ta yi miyau ta canza kala, kowa na murna. Da muka shiga maimaitawa ma bulon rifit ɗin nan mai 10 a ciki bai ba su wuya ba, na ce maimakon ka jera "matsa taku 10" har guda goma sai ka sa guda ɗaya a cikin bakin rifit, suka ce au ashe haka ne, shikenan. Wahalar ta fara ne ranar da wani ɗan shekara takwas, Allah ya shirya shi, ya leƙa ƙasa ya gano foreba, bulon maimaitawa da ba ya ƙarewa. Kafin in juyo duk laptop huɗun kyanwa na juyi kaman fanka ana ta ihu ana dariya, tun daga ranar ba mai kallon rifit, komai sai a cusa shi cikin foreba.

Kun san foreba ba shi da ɗan haƙorin nan na ƙasa da ake maƙala wani bulo. To sai yaro ya ɗauko bulon "ka ce na gama" yana ta fama ya manna shi a ƙasa yana ƙi, ƙarshe ya zo ya ce Malama maus ya lalace. Na ce ba maus ba ne, abin da ba ya ƙarewa ai ba shi da bayan nan, ya kalle ni kaman na yi masa Faransanci.

Sai kuma na "idan". Suna so in kyanwa ta taɓa tuffa ta yi ƙara, sai su ajiye idan ɗin a ƙarƙashin koren tuta shi kaɗai, su danna, su ja kyanwa kan tuffa, shiru. Na san a cikin lup, wato bulon maimaitawa irin rifit ko foreba, ya kamata ya zauna amma na rasa bakin da zan faɗa musu dalili da shi, in na ce "ku dai sa shi a ciki" su sa, sati mai zuwa su sake ajiye shi a waje.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na wata yarinya 'yar shekara tara, mai kaifin kai sosai. Ta zana gida ta ce tana so kyanwa ta taho ta tsaya a ƙofar gidan, muka duba ƙofar tana daidai x 100, x ɗin shi ne lambar inda abu yake daga hagu zuwa dama. Ta sa rifit ontil, wato "maimaita har sai", x = 100, a ciki ta sa canza x da 15, kyanwa tana tsakiya a kan 0. Muka danna tuta, wlh kyanwar nan ta wuce gidan ko waiwaye ba ta yi ba, ta je ta maƙale a bango sai wutsiya ake gani, bulon kuma suna ta haske alamar har yanzu aiki suke. Na tsaya kusan minti goma a gaban yara ina cirewa ina mayarwa, ladan ne ya cece ni. Har yanzu ban gano laifin ba.

To tambayata, da wanne ake farawa, kuma ya ake fahimtar da yaro da Hausa cewa lup akwai mai tsayar da shi? Sannan su ƙananan nan biyu 'yan shekara shida da ba su iya karanta Turanci ba tukuna, in bar su suna kallo ne ko akwai abin da ya dace da su?

Abdul_Mamobi

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari Allah ya biya. Ni ba ticha ba ne amma shekara biyu na yi ina meti wato kwandasta a motar haya ta trotro kafin in koma gyaran waya, kuma da na ga rifit ontil a wajen ƙanina dariya na yi, na ce ai wannan aikina ne na da. Ka tsaya a bakin mota kana kiran inda za a, Circle Circle Circle, ka leƙa ciki ka ga saura kujera, ka sake Circle Circle, ka sake leƙawa, haka dai har mota ta cika ka buga ƙofa direba ya ja. Ba ka san sau nawa za ka yi ihun ba, wata rana sau biyar wata rana sai muryarka ta dishe, kujera ce ke da iko ba kai ba. Kuma abin lura, in da safe ne ka zo ka tarar fasinja sun riga sun cika motar to ko ihu ɗaya ba za ka yi ba, leƙawa ake fara yi kafin a buɗe baki.

Duk yaron da ya tashi a Nima ya san wannan, ki jera kujeru biyar a baranda ki naɗa ɗaya meti, sauran su riƙa shiga ɗai-ɗai, ki hana shi ihu sai ya leƙa. Za su yi ta rigimar wa zai zama meti amma za su gane.

Shi kuma foreba fankar silin ce, ba ta san gajiya ba ba ta san an gama zafi ba, sai wani ya miƙa hannu ya kashe ko dumso wato ɗauke wuta ya yi mata aikin 😂 Ki tambayi yaron da ya ce maus ya lalace, in ka ce wa fanka "in kin gama juyawa ki share ɗaki" yaushe za a share ɗakin? Ki bar shi ya ba da amsa da kansa.

Maganar kyanwa da ta wuce gida kuma na bar wa masu lissafi.

Ticha_Sule_Aboabo

Malama Rabi barka da aiki, gaisuwa daga Kumashi. Ni ina koyar da Computing a firamare, tun da aka kawo sabuwar manhaja a 2019 aka sa shi daga aji huɗu nake wannan faman, kuma duk abin da kika lissafa na gani da idona, har da tsayuwa a gaban yara ana zufa, kar ki ji kunya.

Shawarata ta farko ki rufe laptop ɗin gaba ɗaya na rabin awa. Yaro ba ya ganin abin da ke faruwa cikin lup a allon kwamfuta saboda saurinsa, sakamako kawai yake gani. Wannan ba dabarata ba ce, tun zamanin Logo ne, yaren da su Seymour Papert suka ƙirƙiro a 1967 wanda ake ba kunkuru umarni yana zane, shi Papert cewa yake yaro ya tashi ya zama kunkurun da jikinsa kafin ya rubuta komai. Scratch ɗin ma ai jikan Logo ne, daga jami'ar MIT ya fito a 2007 a hannun Mitchel Resnick wanda ɗalibin Papert ne.

Ga yadda nake yi. In ɗakin da tayil shikenan in babu in ja layi da alli. Yara uku nake fitarwa, ɗaya kyanwa, ɗaya mai karanta umarni, na uku in ba shi gwangwanin Milo da tsakuwa. In aka ce rifit 4 sai ya ƙirga tsakuwa huɗu a hannu tun kafin a fara, kyanwa ta yi taku uku ta juya dama, ya jefa ɗaya a gwangwani ƙwal, a sake, ƙwal, in hannu ya zama wayam ya ce tsaya. Ƙarar nan ta gwangwani ita ce darasin gaba ɗaya, don a nan suke jin cewa akwai wani a gefe da ke riƙe da lissafi. Kuma yaranmu ba baƙin wannan ba ne, wanda ya ga ana jan carbi 33 bayan salla ya san maimaitawa mai adadi, ki tuna musu kawai.

Da suka koma kwamfuta sai mu kunna alƙalami mu zana murabba'i, rifit 4, matsa 100, juya 90. Daga nan in ce a yi mai kusurwa uku in koma gefe in yi shiru. Kusan kowa 60 yake sawa saboda a lissafi an ce musu kusurwar 60 ce, sai zane ya fito a buɗe kaman bakin kwano. In ce tashi ka taka shi a ƙasa, yana isa kwana sai ya ji a jikinsa cewa juyin ya fi na murabba'i yawa ba ƙasa ba, 120 ne. Sai mu gano tare cewa duk zanen da ya rufe juyinsa in an haɗa 360 ne, ka raba da yawan gefe, mai biyar 72 mai shida 60. Wani yaro ya taɓa barin 15 ɗin da Scratch ke zuwa da shi ya yi ta ƙara lambar rifit har ya kai 24 da'ira ta rufe, ihun da ya yi sai da tichan ajin kusa ya leƙo.

Maganar idan a wajen lup, tukunya nake kawo musu. In ce Mma ta ɗora waace wato shinkafa da wake, ta buɗe murfi sau ɗaya tak ta ga bai nuna ba, ta rufe ta tafi kasuwar Kejetia, me za ta tarar? Su ce ƙonewa. To idan da ke waje haka yake, sau ɗaya yake buɗe tukunya, lokacin da aka danna tuta, a lokacin kyanwa ba ta taɓa tuffa ba, ya ce a'a ya tafi abinsa. In kana so ya riƙa dubawa sai ka zaunar da shi a bakin murhu wato cikin lup. Daga ranar in yaro ya yi kuskuren ba na gyara masa, in ce sau nawa Mma ta buɗe tukunya, shi zai ja bulon da kansa.

Lup cikin lup kuma makarantar allo ta gama mana aikin, Malam ya ce kowace aya a biya sau uku, ayoyin biyar ne, sau nawa aka buɗe baki? Wasu su ce takwas, a ƙirga da gwangwani biyu a ga 15.

Game da tsari ni ra'ayina rifit mai lamba tukuna, sai a sa bulon tambaya kyanwa ta ce sau nawa zan yi tsalle a jefa amsar cikin ramin rifit, sai rifit ontil, foreba shi ne na ƙarshe. Na fi son a jinkirta shi gaskiya, yana sa yara lalaci, sun samu abin da ke motsi ba tare da sun yi tunanin ƙarshensa ba. A ajina doka ce, duk wanda ya ɗauko foreba sai ya gaya mini wa zai kashe shi kafin ya danna tuta.

Kamal_kod

slm Anti Rabi, kuyi hakuri da rubutuna a waya nake cikin go slow a hanyar Kanda. kyanwarki bata da laifi lissafi ne kawai, ki kirga da 15 daga 0, 15 30 45 60 75 90 sai 105, ina 100? bata taba takawa ba tsallake shi tayi. shi rifit ontil ba wai ido yake zubawa kullum ba, sau daya yake tambaya a saman kowane zagaye, kaman yaro ne ya rufe ido yana tsalle sai ya dira yake budewa ya duba ko yana kan layin, a 90 ya duba yace ban kai ba a 105 ya duba yace ba 100 bane, haka zai tayi har bango. filin Scratch daga -240 zuwa 240 ne a fadi kuma baya barin kyanwa ta bace gaba daya shi yasa kika ga wutsiya, amma lup din na nan yana ta tambaya ana ce masa a'a.

maganin shine a bar alamar = a dauko > daga koren bulo, ya zama har sai x ya wuce. amma ki sani Scratch bashi da bulon "ya kai ko ya wuce" guda daya, uku ne kawai < da = da >, so in taku 10 ne kuma kina so ta tsaya daidai 100 sai ki rubuta > 99, in kika rubuta > 100 sai ta tsaya a 110. ni dai da nine bazan gaya mata amsar ba, ki je cikin shudin bulo kasa akwai dan akwati gefen x position ki danna shi lambar zata fito a saman fili, sai ki sa jira dakika 1 a cikin lup din tace lambobin da karfi, da bakinta zata kama shi.

dalilin da yasa basa ganin komai, Scratch yana sabunta hoto sau 30 a dakika, kuma lup mai motsi zagaye daya yake a kowane hoto, kinga rifit 10 kenan kusan kashi daya cikin uku na dakika ya gama, kiftawar ido. so bulon jira shine abokinki lokacin koyarwa, ki rage gudun abin sai ya zama ana iya binsa da yatsa.

amma jiran ma yana da nasa tarkon, zaki gani nan gaba. yaro zai sa rifit ontil an danna space, a ciki akwai jira dakika 1, ya danna space da sauri ya saki kyanwa taki tsayawa yace keyboard ya lalace. a lokacin da ya danna lup din yana barci a cikin jira, da ya farka yazo tambaya an riga an saki. sai ya rike maballin ko a rage jiran zuwa 0.1. duk matsala daya ce da ta 105 din, yaushe ake tambayar.

wani abu kuma, bayan kun gyara da > in ta sake danna tuta karo na biyu kyanwa bazata motsa ba sam, zata ce ya sake lalacewa. bai lalace ba motar Yaya Abdul ce ta riga ta cika, kyanwa na kan 105 tun dazu. dole a sa je zuwa x 0 y 0 a sama kafin lup.

foreba kuma ana iya fita daga cikinsa, a kasan bulo masu ruwan goro akwai stop, ki sa shi cikin idan a cikin foreba, ki zabi wannan script din kadai wato jerin bulon da yake ciki, ko duka. in kina son karin wasa akwai Blockly Games na Google, wasan Maze dinsa mataki 10 ne, a na uku bulo biyu kacal ake baka so dole yaro yayi amfani da maimaitawa ko yaki ko yaso, ana iya sauke shi ayi ba intanet. kuma a Scratch na intanet in kika shiga wajen canza yare akwai Hausa a jerin, ki gwada ki gani ko zai taimaki masu fama da Turanci.

Hajiya_Madina_Zongo

Malama Rabi 'yata sannu, Allah ya yi albarka. Ni jikata ce ta sa na san waɗannan abubuwan, uwarta na aiki ni nake zama da ita. Su 'yan shekara shidan nan kar ki wahalar da su da babban Scratch, shi an yi shi ne don 'yan 8 zuwa 16. Akwai ƙaninsa ScratchJr da ya fito a 2014 na 'yan 5 zuwa 7, kyauta ne a tablet, bulonsa ba rubutu sai hoto, kibiya ce kawai da lamba kuma a kwance ake jera su kaman jirgin ƙasa. Rifit ɗinsa yana zuwa da 4, yaro ya taɓa lambar ya canza. Babu idan babu ontil a ciki sam, kuma ni ina ganin da gangan suka cire, yaro ɗan shida ya iya "sau nawa" ya ishe shi. In akwai mai tsohuwar tablet a cikin iyaye ki roƙa, su biyun su zauna a kai.

Amma Ticha Sule ka yi haƙuri ban yarda da kai ba a kan ɓoye foreba zuwa ƙarshe. A ScratchJr ɗin ma akwai shi, jan bulo ne da ake sawa a ƙarshen layi, kuma shi jikata ta fara so, ta yi kifi yana iyo yana kai da komo ta zauna tana kallo tana ba shi labari. Da na ce sai ta koyi ƙirga tukuna da ta ajiye tablet ɗin ta koma kallon katun. Ran nan da kanta ta zo ta ce Hajiya kifina ba ya hutawa ya zan yi ya yi barci, ka ga tambayar da kake so su yi ita ta kawo ta ba ni na ɗora mata ba. Kuma in ban yi kuskure ba duk gem ɗin da manyan ke so su yi, mai kama tuffa da mai gudun ƙwallo, ai da foreba yake tafiya, in ka hana su shi ka hana su abin da ya kawo su ajin.

Ku dubi 'yan mata in suna ampe a lungu, akwai wadda ke cewa sau goma za mu yi? Tsalle ake ana tafi har sai an kira wata aike.

Ticha_Sule_Aboabo

Hajiya ina ni ina musu da ke 🙏 Gaskiyarki a kan jika ɗaya a ɗaki, ni yara sun fi arba'in a gabana, in na saki foreba a satin farko ba mai sake jin muryata sai an tashi. Amma ajin Malama sha ɗaya ne kuma sun riga sun gano shi, ba a mayar da man goge baki cikin robarsa. Ta bar musu, dokar nan kawai nake roƙo a riƙe, ka faɗi mai kashewa kafin ka kunna. Ku mutanen Ankara dai kullum sai kun fi mu sassauci.

Malama_Rabi_Nima

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya Asabar ban buɗe laptop ba sai wajen uku saura. Mun yi trotro da bencin kawu, kaman yadda Yaya Abdul ya faɗa rigimar meti ta kusa cinye lokacin, sai da na ce kowa zai yi sau ɗaya. Da na cika bencin tun kafin metin ya zo, yaron ya buɗe baki zai yi ihu sauran suka ce kai leƙa mana, ya leƙa ya rufe bakinsa ya buga bango wai a tafi. Gwangwanin Milo ban samu ba na yi da na tumatir, ƙarar ɗaya ce.

Yarinyar kuwa na yi yadda Kamal ya ce, na fito da lambar x a fili na sa jira, na ce ki karanta mini. Tana ta saba'in da biyar, casa'in, sai ta ce ɗari da biyar ta yi shiru, ta sake dannawa ta sake karantawa, sai ta juyo ta ce Malama ta tsallake ne. Na ce to ya za a yi. Ni ina jira ta nemi >, ita kuwa sai ta goge 15 ta sa 10, kyanwa ta zo ta tsaya cak a ƙofar gida, ta kalle ni tana murmushi. Ban ce ba daidai ba ne don daidai ne. Na ce to in taku 7 take yi fa? Ta gwada ta wuce, ta gwada 20 ta tsaya, ta gwada 25 ta tsaya, ta gwada 30 ta wuce, ta ɗau takarda tana rubuta waɗanda ke tsayawa da waɗanda ba sa tsayawa, ni dai na ga darasin lissafi ya shigo ba da gayyata ba na ƙyale ta. Sai can na nuna mata >, ta mayar da 15 kyanwa ta tsaya a 105, ta ɓata rai wai ta wuce ƙofa da taku biyar ita ba ta so, ta koma 10 ɗinta da =. Na bar ta, wani satin ma rana ce.

Tukunyar Mma ta yi aiki a kan uku daga cikin biyar da na gwada, biyun sai a hankali. Tablet kuma wata maƙwabciya ta ce za ta ara mana in ɗanta ya yarda. Ana saura kwata a tashi aka ɗauke wuta laptop mai mataccen batir ta mutu, mai gano foreban nan ya ce Malama dumso ya danna jan maɓalli, har kawu da ke ɗaki sai da ya yi dariya.

Kamal saura ɗaya dan Allah. Yaron nan yanzu foreba biyu ya sa wa kyanwa ɗaya, ɗaya na tafiya ɗaya na kiɗa, ya sa stop a na tafiyar in ta taɓa bango, tafiya ta tsaya amma kiɗan na nan yana ta damunmu. In ya zaɓi duka kuma har tuffar da ke faɗowa tsayawa take, shi kuma ba ya so ta tsaya.

Kamal_kod

Anti ki danna dan kibiyan da ke jikin stop din zabi uku ne, na ukun shine sauran script na wannan kyanwar, shi zai kashe kidan ya bar tuffa. in kika zabe shi zaki ga bulon ya fito da hakori a kasa, sai ki makala wani stop din na wannan script a karkashinsa, kida ya mutu tukuna sannan tafiya. kar ki juya su, in na tafiyar ya fara mutuwa babu mai kashe kidan.